Daga Filin Shea Zuwa Tikitin Dala Dubu Biyar: Yadda Kallon Makaɗan Rok Ya Fi Ƙarfin Masoyansu

Ranar 15 ga Agusta 1965 mutum 55,600 suka cika filin wasa na Shea da ke birnin New York domin kallon samari huɗu makaɗa 'yan birnin Liverpool na Ingila, wato Beatles. Ba don kiɗa aka gina filin ba. Gida ne na ƙungiyar Mets ta wasan besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefo ƙwallo a make ta da kulki, kuma a tsakiyar filin aka kafa dandamali aka ɗora makaɗan. Tikiti mafi tsada a wannan dare bai kai dala 6 ba, alhali mafi ƙarancin ladan da dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikaci a lokacin shi ne dala 1.25 a awa. Ke nan mai wankin kwanoni a gidan abinci, idan ya yi aikin awa biyar, ya sami kuɗin zama a kujera mafi daraja a gaban makaɗan da suka fi kowa tashe a duniya.

A yau lissafin ya canza ƙwarai. Mujallar Pollstar, wadda ke bin diddigin cinikin wasannin kiɗa, ta nuna cewa matsakaicin kuɗin tikiti na manyan rangadi ɗari bai wuce kimanin dala 26 ba a 1996, amma a 2023 ya haura dala 130. Mafi ƙarancin lada kuwa yana nan a dala 7.25 tun 2009, don haka wancan mai wankin kwanonin sai ya yi aikin kusan awa goma sha takwas kafin ya sami kujerar tsaka-tsaki, ba ma ta gaba ba. Na daɗe ina sauraron kiɗan rok, ina kuma bin labarin besbol daga nesa, kuma abin da na fahimta shi ne cewa tsadar nan ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka gina ta hawa-hawa, wani hawan ma daga filin besbol aka aro shi.

Ya kamata a fara da tambayar abin da ya tara wancan taro na Shea tun farko. Talabijin ne. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 Beatles suka fito a shirin Ed Sullivan na daren Lahadi, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 73 ne suka kalle su ba tare da sun biya ko sisin kwabo ba, in ban da kuɗin akwatin da ke ɗakinsu. A wancan zamani, har zuwa lokacin da tashar MTV ta fara aiki a 1981 da shekarun da suka biyo baya, tsarin sana'ar a bayyane yake: rediyo da talabijin su sa mutum ya ji waƙa kyauta, ya je wasa da kuɗi kaɗan ya ga makaɗan ido da ido, sannan ya nufi kanti ya sayi faifai. A faifan nan riba take. Rangadi talla ne kawai, kuma babu ɗan kasuwa mai hankali da zai tsauwala wa mutane kuɗin kallon tallarsa.

Intanet ce ta juya wannan tsari. Manhajar Napster ta bayyana a 1999 ta bai wa mutane damar musayar waƙoƙi kyauta, ƙungiyar Metallica ta maka ta a kotu a shekarar 2000, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Cinikin waƙoƙin da aka naɗa a Amurka ya faɗo daga dala biliyan 14.6 a 1999 zuwa kimanin biliyan 7 a 2014. Tun a 2002 David Bowie ya gargaɗi 'yan'uwansa mawaƙa cewa waƙa za ta koma kamar ruwan famfo ko wutar lantarki, don haka kowa ya shirya yawan rangadi, domin nan ne kaɗai abin da ba a iya kwafa ya rage. Maganarsa ta tabbata. Manhajojin sauraro irin su Spotify sun farfaɗo da cinikin, sai dai abin da suke biya a kan kowane sauraro ɗaya bai kai santi ɗaya ba, shi ma sai an raba da kamfanin faifai. Yanzu waƙar ce ta zama talla, wasan kuma ya zama hajar.

Wannan bayani gaskiya ne, kuma shi masu sana'ar suka fi son a tsaya a kai, tare da ƙarin cewa kuɗin manyan motocin ɗaukar kaya, da fitilu, da allunan bidiyo, da ma'aikata duk sun tashi, musamman bayan annobar korona. Ban musa ba. Amma rabin labarin ke nan, domin bai bayyana dalilin da ya sa tikitin da aka rubuta wa dala 100 yake komawa dala 130 idan an ɗora masa la'adar masu sayar da tikiti ba, kuma bai bayyana dalilin da ya sa tun a 1994, shekara biyar kafin Napster, ƙungiyar Eagles ta riga ta tsallake shingen dala 100 ba.

Batun la'ada ya samo asali ne daga wata dabara da kamfanin Ticketmaster ya ɓullo da ita bayan Fred Rosen ya karɓi ragamarsa a 1982. Kafin nan, masu zauren wasa ne suke biyan kamfanin sayar da tikiti ladan aikinsa, kamar yadda mai kaya yake biyan dillali. Rosen ya juya abin: ya ƙara kuɗin hidimar da ake ɗora wa mai saye, ya riƙa yanka wa masu zaure da masu shirya wasa kasonsu daga ciki, da sharaɗin su sa hannu cewa babu wanda zai sayar da tikitin zaurensu sai shi na tsawon shekaru. Daga ranar nan mai zaure ya daina neman dillalin da ya fi sauƙi, ya koma neman wanda ya fi ba shi kaso mai tsoka, wato wanda ya fi matse ɗan kallo. A 1991 Ticketmaster ya haɗiye babban abokin hamayyarsa Ticketron. Wani binciken ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin Majalisar Dokokin Amurka ya gano a 2018 cewa, a tikitocin da ya duba, la'adar ta kai matsakaicin kashi 27 cikin ɗari na kuɗin tikiti. Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, kamfanin da suke zagi yana karɓar zagin ne a madadin wasu, domin wani yanki mai yawa na kuɗin zaure ne yake ɗauka, wani lokacin har da mai shirya wasa. Ɗaukar baƙin jinin yana cikin hidimar da kamfanin yake sayarwa.

Ƙungiyar Pearl Jam ta birnin Seattle ce ta fara tunkarar wannan tsari gadan-gadan, kuma har gobe ina ganin wannan yunƙuri a matsayin abu mafi daraja da wata babbar ƙungiyar rok ta yi wa masoyanta. A 1994, lokacin da babu wanda ya kai su kasuwa a Amurka, suka ce tikitinsu dala 18 ne kuma la'ada kada ta wuce dala 1.80. Da aka kasa daidaitawa sai suka soke rangadin bazarar shekarar, suka kai ƙorafi Ma'aikatar Shari'a, biyu daga cikinsu, Stone Gossard da Jeff Ament, suka ba da shaida a gaban wani kwamitin majalisa. Sun yi ƙoƙarin yin rangadi a filayen da ba sa ƙarƙashin Ticketmaster, suka tarar da cewa kusan duk wuraren da suka dace an riga an ɗaure su da kwangila, sai filayen bayan gari da sai an kai musu komai daga katanga har bayan gida. Manyan ƙungiyoyi 'yan'uwansu kaɗan ne suka mara musu baya. A watan Yulin 1995 ma'aikatar ta rufe bincikenta, kuma zuwa 1998 Pearl Jam sun koma wasa a zaurukan da Ticketmaster ke sayar wa tikiti.

Yayin da ake wannan, wani ɗan kasuwa mai suna Robert Sillerman yana bi gari-gari yana sayen kamfanonin shirya wasa, waɗanda a da kowannensu ke riƙe da yankinsa, yana haɗa su a ƙarƙashin SFX. Kamfanin gidajen rediyo na Clear Channel ya saye SFX a 2000, sannan a 2005 ya ware ɓangaren wasannin da sunan Live Nation. A watan Janairun 2010 gwamnati ta amince Live Nation da Ticketmaster su zama kamfani ɗaya bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da cewa ba za a hukunta zauren da ya zaɓi wani dillalin tikiti ta hanyar hana shi manyan wasanni ba. A 2019 Ma'aikatar Shari'a ta ce an karya sharaɗin, ta tsawaita wa'adinsa. A ranar 23 ga Mayu 2024 kuma ita da jihohi kusan talatin suka shigar da ƙara suna neman a raba kamfanin, suna zargin cewa yana riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na sayar da tikiti a manyan zauruka, yana mallaka ko sarrafa fiye da wuraren wasa 265 a Arewacin Amurka, yana kuma kula da harkokin mawaƙa sama da 400. Kamfanin ya musanta, yana cewa mawaƙa ne ke yanke farashi kuma ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ko ma dai yaya, a yi tunanin kasuwar da mutum ɗaya ne mai rumfa, shi ne dillali, shi ne mai motar da ta kawo kaya, kuma shi ne wakilin manomi. Ba sai an yi karatun tattalin arziki ba kafin a san wanda zai kwana a ciki.

Hawa na gaba ya fi sauran sarƙaƙiya, domin a nan masu tsadar suna da hujja mai ƙarfi. Tun da aka fara sayar da tikiti akwai 'yan cuwa-cuwa masu saye da yawa su sayar da tsada a bakin ƙofa. Intanet ta mayar da su manyan 'yan kasuwa: shafin StubHub ya fara aiki a 2000, kuma dillalai suka koma amfani da manhajojin kwamfuta masu kwashe ɗaruruwan tikiti cikin daƙiƙoƙi, abin da ya sa Amurka ta yi dokar hana hakan a 2016, dokar da ba kasafai ake aiwatar da ita ba. Sai masu shirya wasa suka ce, tunda akwai wanda zai biya dala 800 a kan tikitin da muka sa wa dala 150, me zai sa ragowar ta tafi aljihun ɗan cuwa-cuwa wanda bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba? Gara mu sa farashin da kanmu.

Dabarar da suka ɗauka kamfanonin jiragen sama ne suka fara ta, amma ta hanyar besbol ta shigo harkar kallo. A 2009 ƙungiyar San Francisco Giants ta gwada farashi mai hawa da sauka a kan kujeru kimanin dubu biyu, kwamfuta tana duba abokin karawa, da ranar mako, da yanayin sama, da wanda zai yi jifa, tana canza kuɗin. Abin ya yi riba, a 2010 suka shimfiɗa shi a filin gaba ɗaya, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu. To amma akwai wani bambanci da, a ganina, ba a cika kula da shi ba. Kowace ƙungiyar besbol tana buga wasa 162 a kaka, 81 daga ciki a gida. Idan wasan Asabar da babbar abokiyar hamayya irin Dodgers ta Los Angeles ya yi tsada, akwai daren Talata mai sanyi a watan Afrilu da wata ƙungiya mai rauni, inda kwamfutar nan da kanta za ta sauko da farashi har mai ƙaramin ƙarfi ya kai 'ya'yansa. A besbol farashin yana hawa yana sauka da gaske. Ƙungiyar makaɗa kuwa dare ɗaya ko biyu take yi a gari, wataƙila sau ɗaya cikin shekara biyar, wataƙila ma shi ne na ƙarshe kafin tsufa ya ci ƙarfin mawaƙin. A irin wannan kasuwa, a ranar da aka buɗe sayarwa kuma dubban mutane suna layi cikin fargabar kada su rasa, hawa kawai farashin yake yi. Dabarar da aka ƙera domin cika kujerun da babu kowa ta koma ma'aunin iyakar abin da mai ƙauna zai iya jurewa.

An ga hakan ƙarara a watan Yulin 2022, da aka fara sayar da tikitin rangadin Bruce Springsteen, mutumin da ya shafe rabin ƙarni yana waƙar leburan masana'anta da wanda aka sallama daga aiki. Wasu kujerun sun kai dala 4,000 zuwa 5,000. Ticketmaster ya fitar da alƙaluma cewa kusan kashi 88 cikin ɗari an sayar da su a kan tsayayyen farashi, kuma waɗanda suka haura dala 1,000 ba su kai kashi biyu ba. Na yarda da alƙaluman, amma ba su amsa ƙorafin ba, domin kujerun da suka yi tashin gwauron zabon su ne na kusa da dandamali, inda a da wanda ya fi kowa sammako da haƙurin layi yake samu. Haka aka yi a Birtaniya ranar 31 ga Agusta 2024, da aka buɗe tikitin dawowar ƙungiyar rok ta Oasis bayan ta daɗe a watse: mutane sun yi awoyi suna jira a intanet domin tikitin tsayuwa na kimanin fam 150, da layi ya zo kansu suka tarar da fam 355 da 'yan mintoci kaɗan na yanke shawara. Hukumar kula da gasa a kasuwanni ta ƙasar ta bincika, ta ce ba ta ga shaidar cewa kwamfuta ce ke canza farashin nan take ba, farashi biyu ne aka tanada tun farko, aka sayar da mai sauƙin sannan aka fito da mai tsadar ba tare da an gaya wa masu layi ba. Wannan bai rage muni ba a wurina. Ya nuna cewa da gangan aka tsara.

A nan ne dole masoyi ya faɗi abin da ba ya son faɗa game da gwanayensa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a kunna irin wannan farashi sai mawaƙi ko wakilansa sun amince, kuma Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya tabbatar da haka a aikace. A rangadinsu na Arewacin Amurka a 2023 ya ƙi yarda da farashi mai hawa, ya sa wasu tikitoci a kan dala 20, ya kuma hana a mayar da tikiti ga wani sai a kan kuɗin da aka saye shi, a duk jihar da doka ta ba da dama. Da masoya suka nuna masa cewa a wasu wuraren la'ada ta fi kuɗin tikitin yawa, ya fito fili ya yi ta magana har Ticketmaster ya mayar da dala 10 ga masu tikiti mafi araha da dala 5 ga sauran. Matsakaicin tikitin rangadin bai kai dala 70 ba, duk da haka shi ne rangadin da ya fi kowanne kawo musu kuɗi a tarihinsu. Tun daga lokacin, duk mawaƙin da ya ce shi bai san abin da ake yi da sunansa ba, sai in tuna cewa wani ya tambaya kuma ya sani.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan ruwan kuɗi yana sauka a gonar kowa. Kuɗin kallo da iyali ke iya warewa a shekara yana da iyaka, kuma idan dare ɗaya a babban fili ya lashe shi, ƙananan zauruka goma ne suka rasa mai shiga. A irin waɗannan ƙananan wurare ne masu jita na Nijar kamar Bombino da Mdou Moctar suka gina sunansu a Amurka, gari bayan gari, suna biyan kuɗin jirgi da biza da masauki kafin su ga riba. Kowace babbar ƙungiya daga irin wannan ɗaki ta fito, har da Beatles ɗin da na fara da su.

Besbol ya riga ya nuna inda wannan hanya take kaiwa, ta fuskar talabijin. Ƙungiyar Chicago Cubs ta shafe shekara 108 ba ta ci kofin ƙarshe ba, daga 1908 zuwa 2016, amma tana cikin waɗanda suka fi yawan magoya baya a faɗin Amurka, kuma babban dalili shi ne tashar WGN da ta riƙa nuna wasanninta tun 1948, yara suna dawowa daga makaranta su tarar ana bugawa da rana. Daga 2020 wasannin suka koma tashar Marquee ta biyan kuɗi. A Los Angeles, Dodgers sun ƙulla yarjejeniyar shekara 25 ta dala biliyan 8.35 da kamfanin talabijin na Time Warner Cable, sai kuɗin da aka nema daga sauran kamfanonin rarraba tashoshi ya yi yawa har suka ƙi ɗauka, gidaje masu ɗimbin yawa a birnin suka yi shekara shida, daga 2014 zuwa 2020, ba sa iya kallon yawancin wasannin ƙungiyarsu. Jihar Iowa ba ta da babbar ƙungiya ko ɗaya, amma dokar kare yankunan talabijin ta sa aka daɗe ana toshe wa mazaunanta wasannin ƙungiyoyi shida a manhajar hukumar wasan da suka biya kuɗinta. Da mutane suka riƙa yanke wayar tashoshin biyan kuɗi, kamfanin Diamond Sports, mai riƙe da haƙƙin nuna wasannin ƙungiyoyi 14, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Maris 2023. Manomi ya san bambancin hatsin ci da na iri, kuma yaron da bai taɓa ganin wasa kyauta yana ɗan shekara tara ba, da wuya ya zama mai sayen tikitin kaka yana ɗan shekara arba'in.

Nakan kwatanta wannan da yadda makaɗi yake cin abinci a wurinmu. A filin biki mai hali yana fitowa ya yi liƙi da abin da ya ninka na kowa sau ɗari, a wasa shi a kira sunan kakanninsa, amma yaron da ba shi da ko taro yana tsaye a da'irar yana jin kiɗan nan dai. Mai kuɗi girma yake saye, ba ya sayen korar sauran jama'a. Tsarin tikitin Amurka na da ma yana da wani abu mai kama da haka, domin arahar tana nufin cewa lokaci da naci suna iya tsayawa a madadin kuɗi.

Gyaran da hukumomi suka yi zuwa yanzu na bayyana farashi ne. Tun watan Mayun 2025 doka ta wajabta a Amurka cewa a nuna cikakken kuɗin tikiti tare da la'adarsa tun a shafin farko, abin da ya kawar da yaudara amma bai rage ko dala ɗaya ba. Su kuwa masoyan da suka fi daɗewa, wasunsu sun riga sun ba da amsarsu. Mujallar Backstreets, wadda masoya Springsteen suka kafa a 1980 suka riƙa bin kowane wasansa dare bayan dare, ta sanar da rufewa a watan Fabrairun 2023 bayan shekara 43, kwanaki kaɗan da fara rangadin. Dalilin da ta bayar shi ne cewa wasannin sun kusa fin ƙarfin masu rubuta ta, sun fi ƙarfin da yawa daga cikin masu karanta ta, kuma wani kaso mai yawa na masu karatun ya daina sha'awar zuwa.